Mai Kawar da Ƙaya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa. Ta zo mu ji ta.

A wani gari akwai wata mata, sunanta Tasalla. Wata rana maciji ya sari uwarta a gona. Wani mai wucewa ya ɗaure ƙafar, ya ba tsohuwa saiwa ta tauna, ya ce in kumburi ya dawo a neme shi, yana da sauran magani. Sai ya wuce. Da rana ta yi tsaka, ƙafa ta kumbura.

Sai Tasalla ta fita nemansa, ga shi ba ta taɓa ganinsa ba. Ta tambayi mai kifi. Ya ce, "Wani fari ne, Buzu ina ji." Ta je zangon Buzaye. Suka ce, "Wanne daga cikinmu, baiwar Allah?"

Ta tambayi mai tukwane. Mai tukwane ta ce, "Wane Buzu? Bafillace ne." Ta je ruga. Arɗo ya yi dariya ya ce, "Yarinya, nan har shanun ma Fulani ne."

Ta tambayi mahauci. Ya ce, "Baƙi ne wuluk, Bagwari." Ta je unguwar Gwarawa, babu wanda ya san zancen.

Ta zauna bakin rijiya tana kuka. Sai wani tsohon jaki ya ce, "Uwar ɗaki, wa kike nema?" Ta faɗa masa.

Jaki ya ce, "Ni ban iya rarrabe ku ba, duk ƙafa biyu gare ku. Amma na ga mutumin. Yana ɗingishi, yana warin albasa, kuma ba ya wuce ƙaya a hanya sai ya tsugunna ya kawar da ita. Ki bi hanyar da ba ta soke ki ba."

Sai ta tuɓe takalmanta. Ta taka wannan hanya, ƙaya. Ta taka waccan, ƙaya. Ta taka ta uku, sumul. Ta bi ta har bakin wani lambun albasa, ta tarar da shi yana ban ruwa. Da ta ce masa ƙafar tsohuwa ta kumbura, bai tsaya tambaya ba, ya ɗauko jakarsa, yana ɗingishi a gabanta. Kafin rana ta faɗi, tsohuwa ta tashi zaune tana neman kunu.

To yara, in za ku kwatanta mutum, ku faɗi halinsa da aikinsa. Fari da baƙi kam, kasuwa cike take da su.

Kurunkus, ta ƙare a bakin lambu.