Motar da Aka Saya a Gwangwan

An ce wai a wani gari an yi wani direba mai suna Sallau, wanda duk arzikinsa a duniya wata tsohuwar akori-kura ce. Da ita yake kwaso tumatir daga fadama zuwa kasuwa, da ita yake ci da gidansa. Ana tsakiyar kakar tumatir, sai famfon man motar ya mutu murus.

Sallau ya tafi wurin Alhaji Isiyaku, wakilin kamfanin da ya ƙera motar, mutum mai taushin baki da dogon carbi. Alhaji ya duba lambar da ke jikin famfon, ya buɗe littafin kamfani, ya girgiza kai. Ya ce, "Malam Sallau, wannan lamba an daina ƙera ta shekara goma ke nan. Amma zan tambaya maka."

Mako uku Sallau yana zarya. Yau a ce dilan Kaduna ba shi da shi, gobe a ce na Legas ya yi dariya, jibi a ce har Kwatano an buga waya. Manoma suka gaji da jira, suka koma wa wasu direbobi. Da Alhaji ya ga Sallau ya yi laushi, sai ya ce don tausayi zai sayi motar a gwangwan, wato ƙarfen da ake aunawa a sikeli. Aka rubuta haka a takarda, Sallau ya sa hannu yana hawaye.

Kwana huɗu tak, sai ga akori-kurar ta wuce shi a bakin tasha, shaƙe da kwandunan tumatir, ƙanen Alhaji a sitiyari. Abin takaici, har hon ya yi masa. Sallau ya ji kamar ya haɗiye zuciya, ya miƙe sai wurin Baba Tanko, sarkin makanikan garin, wanda ke raba gardamar 'yan mota.

Aka kira Alhaji, aka kawo motar. Alhaji ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban yi masa ƙarya ba. Tsohuwar lamba ya kawo mini, ita kuwa an daina ta. Kamfani ya sauya wa famfon lamba, yana zuwa da kayan sababbin motoci, akwai shi ma a shagona. Bai tambaye ni wannan ba. Ciniki kuma ya faɗa, ga takarda."

Kai, wannan rashin kunya da yawa take. Mutum ya zauna a kan abin da ɗan'uwansa ke nema mako uku, sa'an nan ya zo yana tinƙaho da gaskiya.

Baba Tanko ya karanta takardar a hankali, ya ce, "Ciniki ya faɗa, ba ni da ikon warware shi. Alhaji, gwangwan ka saya?"

Ya ce, "Gwangwan, ranka ya daɗe."

"To, gwangwan za ka ɗauka. A kira mai walda ya zo da wutarsa, ya yayyanka ta nan a gabanmu, a ɗora a sikeli, ka kwashi ƙarfenka."

Da mai walda ya kunna wuta ya nufi motar, Alhaji ya zabura ya tare gabanta, har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Haba Baba, ya za a yanka lafiyayyar mota?"

Baba Tanko ya dubi jama'a ya ce, "Kun ji da bakinsa. Idan lafiyayyar mota ce, ai ba ka sayi mota ba, ba ta cikin takardarka. Ka zaɓa, ko ƙarfe a sikeli, ko ka karɓi abin da ka bayar, mota ta koma wa mai ita."

Alhaji ya yi tsuru-tsuru, ya miƙa makulli, ya ce to a cire masa sabon famfon da ya sa mata. Baba Tanko ya ce, "Wane famfo? Mako uku kana gaya wa bawan Allah babu shi. Ba na sa a cire abin da babu."

Sallau ya shiga motarsa, ya tayar da ita bugu ɗaya.

Shi ya sa masu hankali ke cewa, wanda aka zo wurinsa neman sani ya ba da rabi ya ɓoye rabi, ya fi maƙaryaci cuta, domin shi maƙaryaci ana iya tsarguwa da shi.