Yadda Kurege Ya Sayar wa Kura da Famfonta

Ga ta nan, ga ta nanku, tana tafe a kan taya huɗu.

Ku amsa mana. A da, in aka yi wannan kira, gida gaba ɗaya yake ɗauka. Yawwa: ta zo mu ji ta, ko da sai an tura ta.

Wannan ta faru ne a garin dabbobi, bayan da kwalta ta ratsa dajin. Kowa ya sayi mota daidai ƙarfinsa. Giwa tana da tirela, Zomo yana da wata 'yar ƙarama mai gudun tsiya. Kura kuwa tsohuwar motar kaya gare ta, da ita take jigilar ƙashi daga mahauta zuwa gida. Dillalai sun sha kawo mata motar nan da ake kira a-kori-kura da araha, ta ce ko kyauta ba ta so, sunan bai yi mata ba.

To, mota ba ta rabuwa da ciwo, kamar mu tsofaffi. Mai duba su duka a garin shi ne Kunkuru, garejinsa yana gindin wani maɗaci. Wasu in suna ba da labarin nan sukan ce tsamiya ce. Ba tsamiya ba ce, maɗaci ne. A faɗi abu yadda yake.

Kunkuru kamar don wannan aiki aka halicce shi. Sai ya kwanta rigingine a kan ƙoƙon bayansa, mai mota ya tura shi, ya sulale ƙarƙashi sumul. Matsalarsa ɗaya ce: in ya gama, ba ya iya tashi sai an jawo shi an juya shi. Ba ya sauri, ba ya kuma cewa an gama alhali ba a gama ba. In ka tambaye shi abin da bai duba ba, sai ya ce, "Ban buɗe na gani ba." Shi ya sa kowa ke ajiye masa makulli ya tafi harkarsa, har Zaki.

Yana da wata al'ada. Duk ƙarfen da ya ciro ya tabbatar ya mutu, sai ya sa farce ya yi masa zane ta ƙasa, kamar sawun kaza, don kada idon tsufa ya ruɗe shi ya mayar da gawa cikin injin. Sannan ya miƙa wa mai mota ya ce, "Ga naka. Kai shi kasuwa, ka ce irinsa kake so." Shi ba ya sayen kaya da hannunsa, kada a ce ya ɗora wani abu a kai.

A kasuwar kuma akwai Kurege. Kurege dillalin mota ne, yana kuma da shagon kayan gyara. In ya yaba maka mota, sai ka ji kunyar ƙin saye. Shagonsa cike yake da kwalaye masu kyau, a jere reras har rufi, amma ba komai a cikinsu. Abu ɗaya ne sabo na gaskiya a shagon, wani famfon mai da ya rataye a ƙofa yana ƙyalli don ya jawo ido. Kowace safiya sai ya goge shi kafin ya gaida 'ya'yansa. A ƙuryar shagon akwai labule, bayan labule akwai abin da yake kira sito. Sito ɗin nan ba komai ba ne illa kwanon fetur da toka da tsumma.

Wata rana motar Kura ta yi tari, ta yi tari, ta mutu. Aka jawo ta gindin maɗaci. Kunkuru ya duba nan, ya duba can, kwana da kwanaki, Kura tana zaune a benci ba jigila, ba ƙashi, ba abin sawa a baki. Daga ƙarshe ya ciro wani ƙarfe, ya yi masa zanensa, ya miƙo daga ƙarƙashin mota.

Ya ce, "Hajiya, famfon da ke tura mai cikin injin ne ya mutu. Ga naki. Kai shi kasuwa, ki ce irinsa kike so."

Kura ta ɗauka, sai shagon Kurege.

Kurege ya yi tsalle ya tare ta. "Hajiya Kura! Uwar ɗakina! Yau da ƙafa? Ina motar?"

Ta ce, "Tana kwance wurin Baba Kunkuru. Irin wannan nake so. Ga shi can ma a rataye, sauko min da shi."

Ya ce, "Wancan? Haba, Hajiya! Wancan na 'yan kallo ne, rana ta gama cinye shi. Irinku ba a ba ku na ƙofa. Kawo samfurin, bari in duba a sito."

Ya karɓi mataccen famfo, ya shige bayan labule. Ya tsoma shi a fetur, ya dirje shi da toka, ya goge shi da tsumma. Yana yi yana buga gwangwani da ƙafa, yana nishi, kamar mai ɗaga manyan akwatuna. Ya goge, ya goge, har famfo ya ɗauki ido. Ya sa shi a sabon kwali, ya fito yana share gumi.

Ya ce, "Shi kaɗai ya rage. Zaki na ɓoye wa, amma tunda ke ce, ya zan yi?"

Ta ce, "Ina tsohon nawa?"

Ya ce, "Na jefar miki da shi a bola, kada ya ɓata miki hannu. Wannan ba sai kin biya ba."

Kura ta ji daɗi, ta biya, har da godiya.

Ta dawo gareji, Kunkuru yana nan kwance yadda ta bar shi. Ta miƙa masa famfo daga sama. To, wanda ke kwance rigingine, ƙasan abu yake fara gani. Kurege ya goge sama, ya goge gefe, amma toka ba ta cike zane. Sawun kaza yana nan raɗau.

Kunkuru ya juya shi a hankali, ya ce, "Hajiya, wannan na san shi. Ɗazu muka rabu."

Ta ce, "Sabo ne dal! A kwali aka ba ni!"

Ya ce, "Kwalin sabo ne. Ga zanena."

Kura ta zabura, sai shagon Kurege. Kafin Kurege ya gama ɓoye abin da ya samu, sai ya ji an damƙe masa wutsiya. Ta jawo shi ƙiii har gindin maɗaci, ta ce, "A nan zan cinye ka, a gaban shaida. Dama rabona da abinci tun ranar da motar nan ta kwanta."

Wani da kuka zai fara. Kurege sai ya fashe da dariya, yana tafi, yana cewa, "Ya ci! Wallahi Baba ya ci jarrabawa!"

Ta ce, "Wace jarrabawa, ɗan nema?"

Ya ce, "Hajiya, ke mai mota ce, ba kya shiga ƙarƙashinta. Ta ina za ki san bakanikenki mai amana ne? Mu dillalai haka muke yi wa manyan abokan cinikinmu. Mu mayar musu da nasu a kwali. Bakanike ɓarawo shiru zai yi, ya ɗaura, ya karɓi ladansa, gobe ya ce wani abu ne kuma ya lalace. Na gaskiya shi ne zai ce, wannan na san shi. Yau kin san wanda kike ba makulli. Giwa ta roƙe ni in yi mata, na ce sai na fara da uwar ɗakina."

Kura ta leƙa ƙarƙashin mota ta ce, "Baba, gaskiya yake faɗa?"

Kunkuru ya ce, "Famfo dai na buɗe, matacce ne. Cikin Kurege kuwa, ban buɗe na gani ba."

Ta ce, "In buɗe maka shi?"

Ya ce, "A'a. Irin wannan in an buɗe ba ya ɗauruwa. Amma in jarrabawa ce, sabon yana nan a ajiye ke nan. A kawo shi."

Kurege ya ce, "Yana nan mana! Sake ni, Hajiya, bari in duba a sito."

Ta ce, "Ba sito. Na ƙofa."

Suka tafi, wutsiya a hannunta. Kurege ya sauko da famfon nan da yake gogewa kowace safiya, hawaye na zuba. Ta ce, "Kukan me?" Ya ce, "Murna ce, Hajiya."

Suka dawo. Kura ta zauna a benci ta ce, "In ta tashi, ma ga yadda za a yi. In ba ta tashi ba, ka san sauran."

Kunkuru ya fara ɗauri. Ya ɗauki noti, ya goge shi, ya hura shi, ya duba shi, ya ɗaura. Ya ɗauki wani, ya goge shi, ya hura shi, ya duba shi, ya ɗaura. Cikin Kura yana ƙugi kamar tirelar Giwa a kan tudu.

Kurege ya ce, "Baba, don girman Allah, ba a ɗan hanzarta?"

Kunkuru ya ce, "In na hanzarta, sai na kwance na sake."

Kurege ya ce, "A yi a hankali, Baba."

Kura ta sa bakin wutsiyar a baki tana ɗan tsotsa, wai don ɗebe kewa. Gashin wutsiya ya miƙe don tsoro, ya yi buzu-buzu. Har yau bai kwanta ba.

Can Kunkuru ya ce an gama. Kura ta jawo shi da hannu ɗaya, ba ta juya shi ba, don ɗaya hannun yana kan wutsiya. Ta murɗa makulli. Mota ta ce ƙyar, ƙyar, ta yi shiru. Ta sake murɗawa. Shiru. Ta waiwayo ta buɗe baki.

Kunkuru ya ce, "Ba famfo ba ne. Batir ne ya yi sanyi, ta daɗe a tsaye. Sai an tura."

Nan fa Kurege ya nuna shi Kurege ne. Ya ce, "Ni zan tura! Ki shiga ki riƙe sitiyari, Hajiya, ki sake ni in koma baya. Kada dai ki ce za ki rufe ni a ciki, ina tsoron wurin da babu mafita."

Kura ta yi dariya ta ce, "Ka mayar da ni sakarya? In sake ka a baya ka shige daji? Shiga ciki!"

Ta jefa shi cikin mota, ta rufe ƙofa gam, ta koma baya ta sa kafaɗa. Ta tura, ta tura, har ƙugunta ya sauka ƙasa, shi ma har yau bai koma daidai ba. Kurege ya sa giya, ya saki kuloci, injin ya kama. Ya dira a kan totur da ƙafa biyu. Mota ta fizga, Kura ta kifa da baki.

A hanya kwaɗayi ya taso masa. Ya ce a ransa, mota da sabon famfo, in na kai ta wani gari, ai na mayar da asarata har da riba. Sai ya dubi madubi, ya hango Kura tafe, harshe a waje. Ya yi lissafi: Kurar da aka sace wa mota har ƙarshen duniya za ta bi ka, Kurar da ta samu motarta kuwa mahauta za ta. Ya tsaya daidai bakin raminsa, ya juya kan motar ya fuskanci mahauta, ya bar injin yana aiki, ya fita ta taga, ya faɗa rami.

Kura ta iso tana haki. Ta zura hannu a rami, ba ta taɓo komai ba. Ta saurari injin, yana tafiya lafiya lau, ba tari, ba rawa. Ta dubi rami, ta dubi hanya, ta tuna an kusa tashi daga mahauta. Ta shiga motarta. Daga baya ma har alfahari take yi a tasha, wai bakanikenta ya ci jarrabawa, da kuɗinta aka gwada shi.

Kunkuru fa? Kowa ya manta da shi. Yana nan rigingine a gindin maɗaci, ƙafafu a sama, har la'asar ta yi sanyi. Bai kira kowa ba. Sai ya ji motsi. Kurege ne, yana miƙewa tsaye, ya duba gabas, ya duba yamma, ya matso. Ya sa kafaɗa, ya yi nishi, wannan karon na gaskiya, ya juya tsohon.

Ya ce, "Baba, ka san ƙarya na yi."

Kunkuru ya karkaɗe jikinsa ya ce, "Ban buɗe na gani ba. Amma gugar nan da ka yi wa famfo, ban taɓa ganin irinta ba. Da za ka zo ka riƙa wanke min kaya, da ka ci halal."

Kurege ya ce, "Sai na yi shawara, Baba. Ita halal ɗin, tana zuwa da kwali?"

Bai zo ba. Amma ko yaushe aka bar Kunkuru a kwance, akan ga wata wutsiya buzu-buzu ta gilma, a tarar an juya shi.

Na san wani mai irin halin Kunkuru, shi ke duba motar makarantar mishan sa'ad da muke yara. Ya daɗe da rasuwa, inuwar da yake aiki a ciki ma an sare ta. In kun samu irinsa, ku ba shi makulli ku tafi, amma kada ku manta ku dawo ku juya shi.

Ƙurunƙus kan tsohon noti. Darasin kuwa shi ne: duk wanda zai cuci Kura, ya tanadi famfo ɗaya na gaskiya a ƙofa, ya kuma haƙa raminsa kusa da hanyar mahauta.