Damin Farko na Ranar Godiya

Ku gyara zama, ku ajiye gyaɗar nan tukuna, don wannan labarin ba a jin sa da cikakken baki.

A Unguwar Tsamiya an yi wani dattijon ikilisiya, Baba Dogara, mai 'ya'ya maza uku da yake ji da su kamar tsoka ɗaya a miya. Al'adar garin ita ce, ranar bikin Godiya, idan kowa ya kawo amfanin gonarsa majami'a, akwai damin dawa guda da ake kira damin farko. Mutum ɗaya ke ɗaukarsa a ka ya shige gaba, jama'a na biye da waƙa, kuma ba a ba kowa sai wanda aka shaida ya fi bauta wa Ubangiji a shekarar. A wannan shekara dattawa suka ce lallai cikin 'ya'yan Dogara ne, amma uban ya zaɓa da kansa. Baba ya yi murna har hularsa ta karkace. Sai dai har garin Godiya ya waye bai san wanda zai nuna ba.

Babban, Habila, shi ke buga ƙararrawa, wato wani tsohon wilin mota da aka rataye a tsamiya. Na tsakiya, Irmiya, shi ke ba da waƙa. Autan, Filibus, mahaƙin rijiya ne, ɗan bencin baya, wa'azi bai kai rabi ba ya soma gyangyaɗi, amma babu gwauruwar da bai yashe wa rijiya ba.

To, akwai wata tsohuwa, Gwaggo Asabe, ba ɗa ba jika. Kowace Lahadi sai ta bi ta gindin tsamiya ta tsokani Habila: "Mijin banza, buga da ƙarfi mana, ko ba a ba ka koko ba ne?" Sai ta wuce yake yin bugun shiga. Ranar Godiyar nan majami'a ta cika maƙil, baƙon fasto daga birni na ta duba agogo, Gwaggo shiru. Baba Dogara ya yi wa ɗansa alama da ido, ya yi da hannu, ya yi da sanda. Habila ko gezau. Ya ruga ɗakinta, ba ta nan, laujenta ma ba ya nan. Ya dawo ya kama wilin nan da bugun gobara. Jama'a suka fito a guje, 'yan zumuntar mata har da tulunan kiɗansu.

Baba ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce, "Kai Habila, a gaban baƙo?"

Habila ya ce, "Baba, ba mu cika ba. Gwaggo ba ta zo ba."

Aka bazu cikin gonaki. Dawa ta fi mutum tsayi, aka yi ta kira har makogwaro ya bushe, ba amsa. Sai Irmiya ya roƙi kowa ya yi tsit. Ya san tun yana yaro Gwaggo ba ta taɓa barin amshi ya faɗi ƙasa ba, ko zazzaɓi take yi. Ya ɗaga waƙar Godiya, ya ba da baiti, ya saurara. Ya ƙara gaba, ya sake bayarwa. Can sai ga wata 'yar murya daga ƙarƙashin ƙasa tana amshi, a shaƙe, amma daidai da kari. Ashe ta je yanko 'yar dawar da za ta kai majami'a baiko ne ta rufta tsohuwar rijiya da ciyawa ta rufe. Ta galabaita, kira bai tashe ta ba, waƙa ta tashe ta.

Jama'a suka yi ca za su leƙa. Filibus ya daka tsawa, don ya ga bakin rijiyar ya ruɓe, ƙafa kaɗan za ta zabtar da shi a kanta. Har baƙon fasto sai da ya kora: "Ranka ya daɗe, ja da baya, nan mumbarina ne." Ya gitta gungume, ya ɗaura igiya, ya sauka da sabuwar rigarsa ta biki. Ya goyo tsohuwa da zanen wata 'yar zumunta. Suna fitowa gefen rijiyar ya rufta, rim! Gwaggo kuwa zangarniyar dawarta na hannu, tana cewa, "Ku bi a hankali da baikona."

Aka koma majami'a rana ta take. Baƙon fasto ya miƙe ya ce wa'azin da ya zo da shi an riga an yi shi a gona, saura addu'a kawai. Baba Dogara ya zauna yana kumbura kamar talotalo, yana waiwaye ko kowa ya ji. Sai idonsa ya faɗa kan damin farko, yana jingine a ƙofa yana jiran kai. Kumburin ya sace.

Ya matsa ya raɗa wa tsohuwa, "Gwaggo, taimake ni, wa zan ba?"

Ta ce, "Kai ka haife su, Dogara. Ni aurensu kawai na yi."

Mawaƙa sun miƙe, tulu ya soma amo, Baba na tsaye riƙe da gammo. Da Habila bai san wanda ya ɓace a cikin taro ba, da an yi sujada an watse ba a neme ta ba. Da Irmiya bai fitar da waƙa daga majami'a zuwa gona ba, da an wuce ta. Da Filibus bai sauka ba, da waƙar ta zama ta jana'iza.

To, ku da kuka ji, a kan wa Baba Dogara zai ɗora gammon nan?