Rabin Mintin Gogo Sabuwa

Akwai wani malamin makaranta a Jimeta mai suna Nicodemus, a shekarun da Yola take ƙarƙashin Jihar Arewa Maso Gabas. Kowa Ticha yake ce masa. Ya je wani kwas Kaduna, ya dawo da 'yar kyamarar ɗaukar majigi, irin wadda ake murɗawa kamar agogon tebur. Tun daga ranar kansa ya kumbura. Ko cefane za shi sai ya rataya ta a wuya, ko da babu fim a ciki.

Kyamarar nan tana da halinta. Naɗin fim ɗaya minti uku kacal yake ɗauka, ba ya ɗaukar murya, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an aika da shi Ikko an wanke, ya dawo bayan makonni.

A hayin Binuwai, gaba kaɗan da Vinikilang, akwai wata 'yar unguwar manoma a bayan wani dogon layin itatuwan maɗaci. Itatuwan nan su ne ke riƙe da gaɓar kogin. Sai wani ɗan kwangilar katako, Alhaji Mika'ilu, ya samo takardar sare su kaf. Mutanen unguwa suka kai kuka, aka ce kwamiti zai zauna a Jimeta nan da mako shida ya yanke hukunci. In Alhaji ya yi nasara zarto zai shiga, damina ɗaya kuma ta isa kogi ya cinye gidajensu.

Wata tsohuwa ce ta tsaya a kan maganar, Gogo Sabuwa. Kullum da safe sai ta tara matan unguwa su zauna a gindin itatuwan suna kaɗi, don kada a lallaɓo a sare kafin ranar. Ita ce ta aiki ɗanta Hamajoɗa, mai kwale-kwale, ya ɗauko Ticha ya ɗauki hoton da za a nuna wa kwamiti.

Ticha ya sauko daga jirgi da naɗin fim ɗaya tak da ya rage masa. Ya dubi matan nan, ya taɓe baki.

"Gogo, wannan ce zanga-zangar? Tsofaffi da abawa? Ai barci kwamiti zai yi."

Nan da nan ya sa aka tara samarin unguwa, ya ce kowa ya ɗauko addarsa ta gona, su ɗaure fuska, su taho da gudu suna ɗaga addunan sama. Samari kuwa me za su yi in ba murna ba. Suka taho, Hamajoɗa a gaba, suna rera waƙar da suke yi wurin gayya, wasu har dariya na neman ƙwace musu.

Gogo ta dogara sandarta ta matso. "Ticha, akwatin nan naka yana magana?"

"Ba ya magana, Gogo."

"To wa zai gaya wa mutanen waƙan noma ne yaran nan suke yi?"

"Gogo, ki bar wa masu ilimin abin. A Kaduna na koyo."

Bai ƙara kallonta ba, ya ƙone minti biyu da rabi a kan adduna. Sauran rabin mintin kuwa ya ajiye wa kansa, don wani ya riƙe kyamarar a ɗauke shi tsaye a gaban jama'a, hannu a ƙugu. Har ya gyara kwalar rigarsa.

A nan Gogo ta juya wa ɗanta. "Hamajoɗa, ɗaure jirgi. Ba mai ƙetarewa yau sai Ticha ya ɗauki abin da na kira shi."

Ticha ya yi faɗa, ya yi Turanci, a banza. Hamajoɗa ya zauna a kan filafilinsa ya yi kamar bai ji ba. Dole Ticha ya bi tsohuwar, yana tafe yana tsaki, har inda aka sare itatuwa shekara biyu da suka wuce. Wurin ya zaftare, rabin wani rumbu na lilo a bakin ramin, kabari biyu sun buɗe. Daga nan ta dawo da shi gindin wani maɗaci, ta nuna masa saiwoyin da suka damƙe ƙasa kamar yatsun hannu.

Ya ɗauka, ransa a ɓace. "An ɓata mini fim. Wa zai zauna kallon saiwa?"

Fim ya tafi Ikko, sai shiru. Mako huɗu, mako biyar, Ticha na sintiri gidan waya. Fim ɗin bai iso ba sai da safiyar ranar zaman, don haka ko shi bai ga abin da ke ciki ba.

A wani ajin makarantar su Ticha kwamiti ya zauna, da hantsi. Aka toshe tagogi da barguna, aka rataya farin zanen gado a jikin allo. Mutum uku na kwamiti a gaba, Alhaji Mika'ilu a gefe da babbar riga, ɗan sanda ɗaya a bakin ƙofa, mutanen unguwa a cushe a baya. Ticha ya kunna majigi yana murmushi.

Hoto ya fito. Samari ashirin ne suka nufo 'yan kallo a guje, adduna a sama, bakuna a wage, ba ka jin komai sai ƙarar injin. Waƙar gayya ta ɓace, dariyar ma ta koma kamar yaƙe haƙoran masu neman jini. Wallahi ko uwar da ta haife su sai ta tsorata.

Alhaji Mika'ilu ya miƙe zumbur. "Ranka ya daɗe, kun gani da idonku! Waɗannan ne na ce suna neman kashe mini leburori. Ga na gaban can, ga shi nan zaune a ɗakin nan!"

Ya nuna Hamajoɗa. Shugaban kwamiti ya sunkuya yana rubutu, ɗan sanda ya tura ƙofa ya jingina da ita. Wata mata a baya ta fara salati. Ticha ya gane da hannunsa ya miƙa wa Alhaji itatuwan nan. Ya kai hannu zai kashe majigin.

"Bar shi ya ƙare!" in ji Gogo, da muryar da ta sa ya janye hannun.

Sai addunan suka wuce, gaɓar da ta zaftare ta cika zanen. Gogo ta taka har gaba, inuwarta ta faɗa a kan hoton, ta ɗora bakin sandarta a kan rumbun.

"Wannan rumbun ƙanina ne. Wannan kabarin mijina ne, mu muka kwashe shi da hannunmu. Nan bishiya bakwai aka sare, ruwa ya ci gona huɗu a damina guda." Hoton saiwa ya fito, ta buga shi da sanda. "Nan kuma ba a sare ba. Ku duba ƙasan, ya motsa?"

Fim ya ƙare, bakin naɗin yana ta kaɗawa fat-fat. Shugaban ya ajiye alƙalami, ya ce a maimaita masa ƙarshen. Sau uku ya kalla. Sannan ya tambayi Alhaji wa ya sare bishiyoyi bakwai ɗin, Alhaji ya shiga gyaran hula.

Washegari kwamiti ya ƙetare ya gani da idonsa, aka soke takardar. Amma addunan Ticha ba su tafi a banza ba: sai da Hamajoɗa da samari uku suka kwana biyu a ofishin 'yan sanda suna bayanin waƙar noma.

Kunya ta hana Ticha ƙetarewa har wata uku. Ranar da ya samu sabon fim ya daure ya je. Ya tarar da Gogo tana kaɗi a gindin maɗacin nan, ya durƙusa, ya cire kyamarar daga wuyansa ya ajiye a gabanta.

"Gogo, ki yafe mini. Yau me zan ɗauka?"

Ta dube shi ta yi dariya. "Yanzu ka gama kwas ɗin, ɗana. Zauna ka sha fura tukuna."

Darasi: In za ka taya mutane kai kukansu, fara tambayar su inda ke musu ciwo, kada iliminka ya toshe maka kunne. Hayaniyar da ka ƙirƙira don burgewa tana iya zama makami a hannun wanda kuke ja da shi, gaskiyar da ka raina kuma ita ce za ta cece ku. Ku tura wa duk wanda kuka san yana ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo da sunan al'umma, ko Allah zai sa ya tsaya ya saurari tsofaffin unguwarsu.