Sabar da Ta Sandare a Wuse

Akwai wani injiniya mai suna Musaddiq da ke aiki a wani kamfani a Wuse, lokacin da kamfanoni ke tsirowa a Abuja ta ko'ina. Ya san aiki, ban hana shi ba. Amma girman kai, wa'iyazubillahi!

Abokin aikinsa Silas ne ke kula da tsohuwar saba, na'urar da ke riƙe da sunayen ma'aikata da kalmominsu na sirri. Sai ta amince mutum ke shiga kwamfutarsa. Musaddiq ya tsani na'urar, ya fi tsanar mai kula da ita.

Da aka sayo sabuwar saba mai manhajar Linux, Silas ya ce, "Oga, kar ka kwafe rumbun bayanan haka nan. Tsohuwar da manhajar Solaris take aiki, yadda take jera bayani daban ne. Bari in fitar da shi a rubutu zalla, sai sabuwar ta gina nata."

"Kai za ka koya min aiki?" in ji Musaddiq. "Matsa min!"

Ya kwafe fayilolin ɗungurungum. Don kar ma a koma wa na'urar Silas, ya goge ta tas, ya sa aka kwashe ta da tarkace.

Ranar Litinin sai ga abu. Kowa ya sa kalmar sirri, shiru. Saba ba ta mutu ba, ba ta kuma amsawa, ta sandare kawai. A kashe a kunna, ta ɗan motsa, ta sake ƙamewa.

Hajiya Ikilima, shugabar kamfanin, ta fito a fusace. Maimakon bawan Allahn nan ya faɗi gaskiya, sai ya nuna Silas a gaban kowa.

"Hajiya, zagon ƙasa ne. Shi ya lalata fayilolin don baƙin ciki."

Aka karɓe katin Silas, masu gadi suka raka shi bakin ƙofa kamar ɓarawo. Ya tafi da sunan maci amana, sunan da babu kamfanin da zai ɗauke shi da shi. Wallahi wannan wurin ya fi ƙona min rai.

To, an kori Silas, saba ba ta warke ba. Musaddiq ya gwada duk dabararsa, a banza. Ƙarshe dai ya gane cewa sai irin na'urar da ta rubuta fayilolin ce za ta iya karanta su. Wa ke da irinta? Silas, yana da wadda yake gwaji da ita a gidansa a Kuje.

Haka ya ɗauki hanyar Kuje.

Silas ko kujera bai ba shi ba. "Ni mai zagon ƙasa ka zo nema?"

"Ka rufa min asiri, Silas."

"Kai ka rufa min nawa? Zan gyara, don mutanen da aikinsu ya tsaya. Amma sai ka tsaya inda ka tsaya ranar nan, ka faɗi gaskiya da muryar da ka yi min ƙarya."

Washegari ma'aikata suka taru. Musaddiq ya fara magana ƙasa-ƙasa.

"Ba mu ji ba," in ji Hajiya. "Ranar nan har bakin titi ana jin ka."

Ya ɗaga murya ya faɗa. Silas ya karanto fayilolin da na'urarsa, kafin azahar saba ta tashi. Kafin la'asar masu gadin nan suka raka Musaddiq ƙofar da suka raka Silas.

Darasi: In ka yi kuskure, ɗauki kayanka da kanka, kar ka ɗora wa wanda ya gargaɗe ka. Ku tura wa abokan aikinku, musamman mai kunnen ƙashin nan na ofis ɗinku.