Motar da Ruwa Ba Ya Kamawa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan ƙasarmu ta Birnin Gwari. Ba zan kama sunansa ba, don danginsa suna nan, wataƙila ma sahu ɗaya muke tsayawa da wasunsu.

Sa'ad da Turawa suka buɗe haƙar zinariya a daji, shi ke kai wa leburori dawa da doya. Allah ya buɗa masa. Da wani Bature zai koma ƙasarsu, sai ya sayi motarsa, baƙa wuluk, ya koyi tuƙi.

Direban Baturen ya nuna masa wata dabara. A narka kakin zuma da ɗan kananzir, a shafe jikin motar, a bari ya sha iska, sannan a goge da tsumma mai laushi har mutum ya ga haƙoransa a ciki. In an yi haka, ruwa ba ya kama fenti. Sai ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya kamar raɓa a ganyen gwaza, ya gangare bai bar ko danshi ba.

Abin nan ya shiga ransa. Duk wanda ya sauke amya a daji, shi ke saye kakin. Ranar kasuwa ya fito da motar ƙofar gida, ya tsiyaya mata ruwa da buta, mutane na kallo, yana cewa, "Ku duba. Ruwa ma ya san inda ba a zama."

Mahaifiyarsa tana cikin gidan, tsohuwa, a ɗakin laka mai jinka. Kun san yadda muke yi: kafin ruwa ya sauka a baibaye jinka, a shafe bango da makuba don kada ya sha ruwa. Shekarar da ya sayi mota ba a yi wa nata ba. Da shekara ta zagayo aka yanko ciyawa, sai ya ce a fara yi wa mota rumfa. Ciyawar ta ƙare a nan.

Shi ɗan farinta ne. Ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta buɗe baki ta roƙe shi wani abu. Ƙanenta Abarshi ne ya kasa haƙuri. Ya same shi durƙushe yana goge ƙofar mota.

Abarshi ya ce, "Sannu da aiki. Amarya ta sha mai?"

"Kawu, kai dai ba ka rabo da tsiya."

"Bangon Yaya ya tsage ta gabas. Hannuna na shiga har wuyansa."

"Inna ce ta aiko ka?"

"Tun da aka haife ka, ka taɓa jin ta aika maka?"

"To, ka gani. Da ya dame ta, da ta faɗa. Bari in gama wannan. Ka ɗan matsa, Kawu, rigarka na gogar fenti."

Ya 'yan uwa, bai san kunyar ɗan fari ba ne? Ya sani sarai. Ɓuya ya yi a bayan kunyar.

Damina ta kankama, marka ta zauna. Tsohuwa tana jan gadonta daga wannan kusurwa zuwa waccan, tana tara ƙorai inda ke yoyo. In ya gaishe ta daga bakin ƙofa, sai ta ce lafiya lau. Bai taɓa sunkuyawa ya shiga ba.

Wata rana da hantsi yana ƙarƙashin rumfa da tsummansa, sai ya ji ƙara kamar an sare itace. Bangon gabas na ɗakin tsohuwa ya faɗa ciki.

Da hannu aka tono ta. Tana numfashi, amma baki ya rufe. Suka kwantar da ita a kujerar baya, Abarshi na tallafe da kanta. Ranar ce ta fara shiga motar. Ya kama hanyar asibitin Kaduna.

A tsakiyar daji tayoyi suka nutse cikin laka. Manoma da wasu Fulani masu kiwo suka taho taimako. Suka dafa za su tura, hannu ya zame. Suka sa kafaɗa, kafaɗa ta zame. Kaki da ruwa sun mai da jikin motar kamar tarwaɗa. Kafin a saro itatuwa a cusa ƙarƙashi, numfashin tsohuwa ya soma sarƙewa.

Ya buɗe ƙofa, ya durƙusa cikin laka. Ya ce, "Inna, ki yafe mini. In ba za ki iya magana ba, ko kai ki gyaɗa."

Ba ta gyaɗa ba, ba ta girgiza ba. Ta dai ɗago ido ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. A haka rai ya yi halinsa.

A kafaɗa aka komo da ita gida. Motar tana can inda ta nutse, bai koma ba, bai aika ba. Fatauci ya mutu. Ya koma zaman bakin kasuwa. Duk tsohuwar da ta gifta sai ya tare ta: "Inna, kallon nan da ta yi mini, yafewa ne?" Wasu don tausayi su ce yafewa ne. Sai ya girgiza kai ya ce, "Ba ke ba ce."

Mota ba haram ba ce, gyaranta ma ba laifi ba ne. Abin tsoro shi ne zuciyar da aka shafe da son abin duniya, har nasiha ta sauka a kanta ta dunƙule ta gangare. Ina da 'ya'ya maza, duk hirarsu mota ce da keke, kuma wallahi in na tuna mutumin nan gabana faɗuwa yake yi.

Wa ya ce maka shirun iyaye wadata ce? Wanda nasa ke raye, kada ya tsaya bakin ƙofa. Ya shiga, ya ɗaga kai ya dubi jinka, ya taɓa bango, ya buɗe tukunya. Ya nemi gafararsu yau, tun harshensu na motsi.

Allah ya kiyaye mu da 'ya'yanmu daga bushewar zuciya. Allah ya sa mu ji "na yafe maka" da kunnenmu kafin a rabu. Amin.