Wilin Da Aka Sauya Ranar Lahadi

Ya 'yan uwa, ku bar taɓa agogo. Tun kafin in buɗe baki na ga hannun wasunku ya tafi aljihu. Yau Lahadi ce, jiniyar masana'anta ba za ta kira kowa ba sai gobe. Ku zauna ku ji.

An yi wani mutum a garin nan namu. Ba zan kama sunansa ba, don danginsa na nan da rai. A gida Auta ake ce masa, ni ma haka zan kira shi. Su biyu ubansu ya bari, shi da yayansa Ansel, kuma duk dukawa ne. Tsofaffin cikinku sun tuna yadda dukanci yake a jiharmu ta Massachusetts kafin injin tururi. Ɗan ɗaki ne a bayan gida, mutum huɗu ko biyar, kowa da basillarsa, ɗaya na karanta jarida da ƙarfi sauran na gardamar siyasa. Ranar da kifi ya cika kogi sai a ja ƙofa a tafi kamu. A irin wannan ɗaki Ansel ya riƙe hannun Auta ya koya masa yankan fata.

Sai aka gina masana'antar takalma a bakin kogi. Kafin shekara biyar ɗakunan nan sun koma wurin ajiye itacen girki. Duk muka shiga, har da ni, don shekara goma sha ɗaya na yi a hawa na biyu kafin Allah ya kira ni wannan aiki. Mutumin da ya iya takalmi tun daga tafi har maɗauri, aka tsayar da shi gaban inji ɗaya yana abu ɗaya, daga safe har faɗuwar rana.

Waɗanda suka yi aiki a can sun san tsarin. Injin tururi na ƙasa, yana juya wani babban wilin ƙarfe. Wilin na juya doguwar sandar da ta ratsa rufin kowane hawa, kowane inji kuma da bel ɗinsa na fata da ya sauko daga sandar yana juya shi. Saboda haka gudun wilin nan shi ne gudun kowa, mutum ɗari uku da wani abu.

Ansel na kan injin yankan tafin takalmi. Wuƙa ce mai nauyi, tana saukowa tana tashi ba ta jiran kowa. Ka tura fata, ka janye hannu, ta sauko. Shekara tara yana wannan aiki ko ƙwarzane bai taɓa yi ba. Hannunsa ya haddace bugun injin har yana iya aiki yana hira da na kusa da shi.

Auta kuwa mutum ne da bai iya zama ba. A tsaye yake shan kofi. Ko a nan majami'a, ƙafarsa na karkarwa a ƙarƙashin benci tun daga waƙar farko. Ba shi da mugunta a lokacin, ku fahimce ni. So yake a gan shi, a ce ya fi kowa zafin nama. Kuma aka gan shi, aka naɗa shi heluma, shugaban ma'aikatan gidan duka, har da yayansa.

Wata rana mai masana'antar ya tsayar da shi a bakin matakala. Ya ce, "Na ji na ƙetaren kogi sun fi mu fitar da kaya, ga shi ba su fi mu mutane ba."

Auta ya ce, "Me kake so a yi, yallaɓai?"

Ya ce, "Ni? Ban sa ka komai ba. Labari kawai na ba ka."

Ran Lahadin da ta biyo, da rana tsaka, muna nan muna sujada, Auta ya shigo da wani makaniki daga Boston. Suka cire babban wilin suka sa wani da ya fi shi girma kaɗan. Kaɗan fa, ya 'yan uwa, bai wuce faɗin yatsu uku ba. Da makanikin ya tafi, Auta ya shafa wa sabon wilin baƙin mai don ya yi kama da tsohon. A duk bugu goma, bugu ɗaya ya ƙaru. Bai faɗa wa kowa ba.

Ina cikin waɗanda suka shiga aiki ran Litinin, don haka ba ji na yi ba. Babu wanda ya ce inji ya ƙara gudu. Wa zai ce? An hana mu shiga da agogo, ƙarar kuma ita ce dai ƙarar jiya. Abin da kowa ya ji shi ne hannunsa ya yi nauyi. Ni na ɗauka zazzaɓi ne zai kama ni. Wani ya ce tsufa ne, wani ya ce mata sun rage mana wake a kwano, muka yi dariya. Bayan wata guda babu mai dariya.

Garin nan gaba ɗaya ya rasa natsuwa. Mutum ya dawo gida hannunsa na rawa, cokali na buga kwano. Ya kwanta jikinsa bai kwanta ba. Miji ya daka wa matarsa tsawa a kan gishiri. Maza biyu da suka yi shekara ashirin suna abota suka ba hammata iska a kan waye ya taka wani. Gidan giya ya cika. Kowa na zargin kansa, ko matarsa, ko sanyin bana.

Ansel ne ya fi kowa shiga damuwa, don shi hannunsa ne abin alfaharinsa. Ya fara ɓata fata. Ya daina hira a bakin aiki. Wata Asabar ya tare ƙanensa a ƙofar fita ya ce, "Auta, faɗa mini gaskiya, kai da kake kallonmu daga sama. Na rage sauri ne?"

Ya 'yan uwa, ga ƙofa Allah ya buɗe masa. Me zai rasa in ya ce, "Yaya, ba kai ba ne, wili na sauya"? Amma ya san in Ansel ya ji, hawa na biyu ya ji, in hawa na biyu ya ji, ƙungiyar ƙwadago ta ji. Sai ya dafa kafaɗar yayansa ya ce, "Haba Yaya, ai shekaru ne. Ka dai riƙa kwanciya da wuri."

Cikin wata na huɗu, da hantsi, wuƙar ta riga Ansel. Yatsu huɗu na hannun dama. Ni na cire ɗamarata na ɗaure masa damtse. Aka share wurin da garin katako, aka tsayar da wani a gurbinsa, injin bai tsaya ba ko na minti ɗaya.

Auta ya je duba shi a gida. Lavinia, matar Ansel, ta buɗe masa ƙofa ta ce, "A'a, heluma da kansa? Shigo, in kana da lokacin zama." Bai zauna ba. Ya tsaya a ƙarshen gado yana juya hularsa.

Ansel ya dube shi, hawaye na zuba. Ya ce, "Auta, ka yafe mini. Na ba ka kunya a gaban maigidanka. Tun da na ga hannuna ya mutu ya kamata in sauka da kaina, girman kai ya hana ni."

Kun san abin da mutumin nan ya ce? Ya ce, "Ba komai, Yaya. Na yafe."

Duk lokacin da na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye muku ba. Sauya wili zalunci ne, amma masu yin irinsa sun cika ƙasar nan daga teku zuwa teku. Wannan kuwa ya karɓi tuban wanda ya cuta, ya sa a aljihu ya fita. Shekara guda cur Ansel na zaune a baranda da dungulmin hannu yana gaya wa duk mai wucewa cewa laifinsa ne, Lavinia na wanki a gidajen mutane.

Shekarar ta zo da zaɓe. Yatsun da aka rasa a masana'antar sun yi yawa, ƙungiyar ƙwadago ta tashi tsaye, 'yan takara kuma suka tuna cewa ma'aikaci ma yana da ƙuri'a. Majalisar jiha ta aiko da masu bincike, aka yi zama a zauren gari. Ansel ya sa rigarsa ta Lahadi ya zauna a layin gaba. Ya zo ne ya kare ƙanensa, ya shaida cewa sakacinsa ne ya jawo masa.

Kafin a kira shi aka kira makanikin Boston. Mutumin bai san akwai wani sirri ba. Ya faɗi ranar, ya faɗi girman wilin, ya nuna Auta da yatsa. Aka tambayi mai masana'antar, ya rantse bai taɓa sa kowa ya taɓa wili ba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Zauren ya ɗauki hayaniya. Ansel ya miƙe, ya dubi hannunsa, Lavinia ta kama shi suka fita.

Washegari aka sallami Auta. Masu masana'antu suka aika wa juna sunansa cewa shi ne mai jawo bincike. Ma'aikata suka aika wa juna sunansa cewa shi ne wanda ya ci naman yayansa. Babu ƙofar da ta buɗe masa ta kowane ɓangare. Matarsa ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta. Sau uku ya doshi gidan Ansel, sau uku ya kai kwanar layin ya juya.

Sai ya bi jirgin ƙasa. Aka gan shi yana lodin gawayi a Pennsylvania, aka gan shi a mayankar Chicago, aka gan shi a bakin tashar jiragen ruwa. Ba ya wata uku a gari. Da ya ji wani ya yi magana irin ta mutanenmu sai ya naɗe bargonsa ya ƙara gaba. Yana ta cewa a ransa sai ya ɗan samu abin hannu tukuna, sai ya koma da fuskar da zai nemi gafara. Shekara goma sha huɗu yana wannan tukuna.

Wata safiya na buɗe ƙofar majami'ar nan na tarar da shi, ya rame, gashi ya yi fari. Ya ce, "Fasto, raka ni wurin Yaya. In ni kaɗai ne zan sake juyawa."

Na raka shi. Lavinia ta daɗe tana kallonsa, sannan ta matsa ta ba mu hanya. Ta ce, "Ka makara, Auta. Amma shiga ka gani da idonka."

Ansel na zaune kusa da murhu, an lulluɓe masa ƙafa. Tsufa ya tafi da hankalinsa tun shekara biyu da suka wuce. Ya yi mana murmushi, ya ce a ba baƙo kujera. Auta ya durƙusa a gabansa ya faɗi komai, tun daga matakala har ranar Lahadin, har kalmar da ya faɗa a ƙarshen gado. Yana faɗa yana kuka.

Ansel ya saurara da ladabi har ya gama. Sannan ya ɗora dungulmin hannunsa a kan Auta ya ce, "Bawan Allah, tashi, kada ka ɗaukar wa kanka zunubi. Ban san wanda ya ba ka wannan labari ba. Heluman gidan nan ƙanena ne, ni na rene shi. Ba zai yi mini haka ba."

Auta ya ce, "Yaya, ni ne. Ni ne Auta."

Ya ce, "A'a. Auta na wurin aiki."

Auta ya maimaita ya fi sau goma, har Lavinia ta ce ya isa, yana tayar wa tsoho hankali. Muka fito. Na ce ya zo gidana ya ci abinci, ya ce jirgin ƙarfe huɗu zai bi. Bazarar da ta biyo wasiƙa ta zo daga wani asibitin marasa galihu a yammacin ƙasar nan, suna tambaya ko akwai mai son gawar Auta.

Ya 'yan uwa, Allah mai jinƙai ne, ban isa in ce ga inda mutumin nan ya sauka ba. Amma na ga da idona yadda ya zo neman gafarar ɗan'uwansa ya tarar babu mai ba shi. Gobe da safe wasunku za su tsaya a kan mutane. Abin da za ka ƙara wa na ƙasa da kai a ɓoye, ko bai kai faɗin yatsu uku ba, a jikin wani zai sauka. In kuwa ka riga ka cuci mutum har yana zaton shi ne mai laifi, me kake jira? Ka san gidansa. Yau babu aiki, kuma hankalinsa na jikinsa.

Allah ya kiyaye mu daga cutar da waɗanda suka yarda da mu. Ya ba mu bakin faɗar gaskiya tun mai jinta yana iya ji. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye hannuwan masu shiga aiki gobe. Amin.